Mai Gaskiya Ma Yana Da Abin Rufewa

Akwai wata magana da mutanen kirki ke yawan faɗi, kuma kasancewar su ne ke faɗinta shi ya sa ta cancanci a amsa ta a tsanake. Ka ja hankalin dattijo ya daina karanta lambar bankinsa ta BVN ga kowane yaro da ya zo da takarda yana cewa rajistar tallafi ake yi, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ni me zan ɓoye? Ban ci kuɗin kowa ba, ban kashe kowa ba." Ka shawarci baiwar Allah mai tuyar ƙosai ta sa wa layin wayarta lambar sirri, sai ta ce, "Yo nawa ne a asusun nawa da har ɓarawo zai wahalar da kansa?" Maganar biyu ce, amma gindinta ɗaya. Mai gaskiya ba shi da abin ɓoyewa, talaka kuma ba shi da abin sacewa, saboda haka batun kare bayanan mutum damuwar masu hannu da shuni ce da 'yan siyasa.

Ban ɗauki wannan ra'ayi wauta ba. Mun tashi ana gaya mana mara gaskiya ko a ruwa gumi yake yi, kuma idonmu ya ga yadda manya ke fakewa da sirri su danne haƙƙin jama'a. Takardar bayyana kadarori da masu riƙe da muƙami ke cikewa a Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata har yau ba kowa ke iya ganinta ba, duk da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Mun kuma ga amfanin tattara bayanai. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a 2014, kuma a 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta sanar da cire ma'aikatan bogi sama da 23,000 daga jerin masu karɓar albashi, da taimakon wannan lamba. Wanda ya ga haka ya ce a buɗe komai kowa ya gani, yana da hujjarsa. Inda na rabu da shi shi ne inda ya haɗa rufe laifi da rufe mutunci a kwando ɗaya.

A duba rayuwarmu tun kafin zuwan wayar salula. Mace mai ƙaramin ciki ba ta shelarsa, kuma ba wanda ya taɓa ce mata mai laifi. Makiyayi ba ya gaya maka adadin shanunsa, alhali ba na sata ba ne. Magidancin da damina ta yi masa gardama, ya je da dare ya ranci buhun masara wurin amininsa, ba ya son maƙwabci ya ji, kuma bashin nan halal ne. Maginanmu sun yi zaure sun kuma karkatar da ƙofar ciki yadda wanda ke tsaye a waje ba zai hango tsakar gida ba, ba don ana aikata wani mugun abu a ciki ba. Addini ma haka ya zo da shi. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, kuma ba a ware gidan salihi aka ce shi a faɗa masa kai tsaye tunda ba shi da abin kunya ba. Dattijon da ya ce ba shi da abin ɓoyewa, da za ka nemi ya miƙo maka wayarsa ka karanta saƙonnin da ke tsakaninsa da iyalinsa a gaban majalisa, zai hana, kuma ya yi daidai. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Abin da ya canza shi ne wurin da asirin yake zaune. A da yana cikin ƙirji da ɗaka. Yau yana cikin lamba 11 ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, da lamba 11 ta BVN, da layin waya, da zanen yatsa, da ranar haihuwa, da sunan mahaifiya. Waɗannan abubuwa ba su yi kama da asiri ba, shi ya sa mai kunyar da ba zai taɓa faɗin sunan ɗansa na fari ba yake rubuta su a fallen takarda ya miƙa wa wanda bai taɓa gani ba.

Mu koma kan mai ƙosai da tambayarta, domin a nan ne kuskuren ya fi tsada. Gaskiya ne babu abin kirki a asusunta. Sai dai ɓarawon zamani sau da yawa sunanta yake nema, kuɗinta ƙari ne kawai. Wanda ya damfari wani a intanet, ko ya karɓi kuɗin fansa, yana buƙatar asusun da kuɗin za su sauka da layin da zai yi kira da shi, kuma ba zai so su kasance da sunansa ba. Sunan wa ya fi dacewa? Na wadda ba ta duba asusu, ba ta karanta saƙon banki, ba ta da lauya. A watan Yulin 2025 hukumar EFCC ta ce akwai matasa kimanin 12,000 a faɗin ƙasar nan da ke bin mutane suna ba su naira 1,500 zuwa 2,000 su karɓi bayanan NIN da BVN ɗinsu, su sayar a kan kusan naira 5,000, a buɗe asusu da su. Ranar da bincike ya biyo sawun kuɗin, ƙofar wanda sunansa ke kan asusun ake fara ƙwanƙwasawa. A ranar ne gaskiyar da yake tinƙaho da ita za ta zama abin da sai ya tabbatar, a ofishin 'yan sanda, da kuɗin mota da na beli da ba shi da su. Attajiri idan irin haka ta same shi waya ɗaya zai buga. Talaka na iya yin makonni a tsare kafin a gane ba shi ba ne.

Haka zancen layi yake. Masu fizgen waya da yawa layin ya fi musu wayar daraja. Su zare shi su sa a wata waya, su nemo lambar BVN ta mai shi, su gano bankinsa, su kwashe ɗan abin da ke ciki, wani lokaci har su ci bashi da sunansa a manhajar bashi. Lambar sirri ta layi, wadda sa ta ba ya cin minti biyu, ita ke tare wannan hanya, amma kaɗan ne cikinmu suka san ma akwai ta, balle su sa.

Wani zai ce, to ai ni hukuma kawai na ba wa bayanaina, ban ba ɗan damfara ba. A watan Maris na 2024 'yan jaridar bincike na FIJ suka bankaɗo wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan naira 200. A watan Yuni na shekarar, ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta gano wani shafin, AnyVerify, inda ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa, Bosun Tijani, a kan naira 100. Hukumar NIMC mai ba da lambar NIN ta musanta cewa an kutsa rumbun bayananta. Ko da mun karɓi musun nata, tambayar tana nan: ta wace ƙofa bayanan suka fita? Mutane sun yi sammako, sun sha rana a layi, bayan umarnin watan Disambar 2020 na haɗa NIN da layin waya, kuma a watan Afrilun 2022 aka toshe kiran miliyoyin layukan da ba a haɗa ba. Wanda aka tilasta masa ba da abu, yana da cikakken haƙƙin tambayar inda aka ajiye shi.

Akwai kuma abin da masu cewa "ni dai ban damu ba" ke mantawa, wato bayanan da ke wayarka ba naka ne kai kaɗai ba. Manhajojin bashi sun koya mana wannan da zafi. Mutum ya matsu, ya sauke manhaja don rancen naira 10,000, ta nemi izinin shiga lambobin da ke wayarsa, ya danna amincewa bai karanta ba. Ya yi jinkirin biya kwana uku, sai saƙo ya isa ga surukinsa, da limamin unguwarsu, da shugabansa a wurin aiki, ana kiransa ɓarawo mai gudun bashi, wani lokaci har da hotonsa. Ka lura da abu biyu. Shi bai yi sata ba, bashi ya ci, amma an tozarta shi a gaban mutanen da ya fi jin nauyi. Surukin da limamin kuwa ba su ci bashin kowa ba, ba su sauke manhajar kowa ba, amma lambobinsu da sunayensu na hannun wani kamfani saboda wani ya amince a madadinsu. A watan Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 kan irin wannan aiki, a watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu kamfanonin a Legas, sannan a 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke kasuwarsa taɓa lambobi da hotunan waya. Duk da haka wasunsu na nan suna yawo ta WhatsApp.

Abin da ya faru da Facebook ma irinsa ne, sai dai girma. Mutane kimanin 270,000 ne suka yi amfani da wata manhajar tambayoyi, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan abokansu har kusan mutum miliyan 87, suka faɗa hannun kamfanin Cambridge Analytica mai aikin kamfen ɗin siyasa. Da asirin ya tonu a 2018, jaridun Ingila sun ruwaito cewa wani attajiri ya ɗauki wannan kamfani aiki lokacin zaɓen Najeriya na 2015. Wanda ya san abin da kake tsoro da abin da ke fusata ka, ya san irin ƙaryar da za ta shige ka. Ba sai kana da laifi ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu wancan ra'ayi ke da ita ita ce ta tsaro, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Wanda aka sace masa ɗa a hanyar Birnin Gwari ba ya son jin wani dogon turanci kan sirri, so yake a bi layin da aka kira shi da shi a kamo mutanen. Ina tare da shi. Doka ma ba ta hana hukuma bin sawun mai laifi ba, sharaɗi ta sa. Amma a tambaya, bayan duk bayanan da aka tara, an kama su? A watan Janairun 2024 Isa Ali Pantami, ministan da aka yi haɗin NIN da layi a zamaninsa, ya fito da kansa yana kukan cewa jami'an tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata wajen bin masu garkuwa da mutane. Ashe ba ƙarancin bayanan talakawa ne ya hana kama ɓarayin daji ba. Ƙara tatsar mai gaskiya ba zai gyara wannan ba.

Sannan bayani ya fi wanda ya tattara shi tsawon rai. Turawan Beljiyam ne suka shigo da katin shaida mai ɗauke da ƙabila a Ruwanda a shekarun 1930, don sauƙin mulki. Gwamnatocin bayan 'yancin kai suka ci gaba da shi. A 1994 katin nan ne ake karɓa a shingayen hanya a duba a san wanda za a kashe, aka hallaka ɗaruruwan dubban mutane cikin kwana kusan 100. Babu wanda ya aikata laifi a cikinsu ranar da aka rubuta masa ƙabilarsa a kati. Ba ina cewa haka za ta faru a nan ba, Allah Ya kiyaye. Amma a ƙasar da aka sha tare hanya ana tambayar matafiyi addininsa da garinsu, bai kamata a yi sakaci da duk wani jeri mai ɗauke da suna da addini da ƙabila da adireshi ba. Wanda ka yarda da shi yau ba shi zai riƙe rumbun har abada ba.

Kuma mu daina ɗora komai a kan gwamnati da kamfanoni, domin mafi yawan tonon asirin da ke cutar da mu a tsakaninmu ake yinsa. Mutanen Zamfara da Katsina da Sakkwato sun san illar infoma, wanda ke kai labarin wane ya sayar da shanu, wane ɗansa ya turo kuɗi daga waje. Da ɗan gari akan ci gari. To yanzu wani da hannunsa yake yin aikin infoman: hoton alat, hoton akwatunan lefe, hoton yara da kayan makaranta mai ɗauke da sunan makarantar, sanarwar cewa ga shi a filin jirgi zai yi mako biyu ba ya gida. Shi wannan kansa ya yi wa. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wanda ake yi wa wasu. A raba wa zawarawa da marayu shinkafa kwano biyu, sai an jera su an ɗauki fuskokinsu an watsa. A yi haɗari a hanya, kafin iyalan mamaci su ji ta bakin da ya dace sun gani a waya. Ma'aikaciyar asibiti ta ga sakamakon gwajin wata ta kai unguwa, aure ya mutu. Mai gyaran waya ya buɗe hotunan matar mutane ya tura wa abokinsa. Takardun neman aiki, da hoto da lambar waya da kwafin katin ɗan ƙasa, su ƙare a hannun mai gyaɗa tana ƙunshi da su. A duk waɗannan babu mai laifi cikin waɗanda aka tona, kuma babu wanda aka tambaya.

Dokar ƙasa ta daɗe da tsayawa a ɓangaren da nake karewa, ko da yake da yawa ba su sani ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin kansa da gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya. A 2019 NITDA ta fitar da ƙa'idojin kare bayanai, sannan a ranar 12 ga Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Maƙwabtanmu ma sun riga mu: Ghana tun 2012, Nijar tun 2017. A ƙarƙashin dokar Najeriya, duk wanda zai karɓi bayananka sai ya kasance da dalilin da doka ta yarda da shi, ya gaya maka abin da zai yi da su, kada ya karɓi fiye da buƙata, kada ya riƙe su fiye da lokacin da ya kamata. Kana da ikon neman a nuna maka abin da aka ajiye game da kai, a gyara kuskure, a goge idan babu sauran dalilin riƙewa, kuma kana iya janye amincewar da ka bayar. Bayanan lafiya da addini da ƙabila da zanen yatsa da ra'ayin siyasa an ba su kariya ta musamman. Idan aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, dole kamfani ya sanar da hukuma cikin awa 72.

An fara cizo kuma, ba haushi kawai ba. A watan Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220, bayan binciken da ta yi tare da NDPC, kuma kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025. A watan Agustan 2024 NDPC ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity, ko da yake bankin ya musanta cewa ya karya doka. Abin lura a wannan shari'a shi ne mafarinta: ƙorafin mutum ɗaya da ya ce an yi amfani da bayanansa wajen buɗe asusu ba da yardarsa ba. Da ya ce "ni me zan ɓoye" da ba a ji labarin ba.

Ba zan yi wa dokar kwalliyar da ba ta da ita ba. Hannunta ya fi kaiwa ga manyan kamfanoni masu ofis a Legas da Abuja. Shagon da ake yin kwafin takardu a bakin sakatariya, da yaron da ke rajistar layi a ƙarƙashin lema, da wakilin ɗan siyasa da ke bi gida-gida yana rubuta lambar katin zaɓe da lambar asusu da sunan tallafi, waɗannan kusan babu mai duba su, kuma su ne talaka ke hulɗa da su kullum. Ma'aikatun gwamnati, waɗanda suka fi kowa tara bayanai, ba a cika jin an hukunta su ba. Wannan gazawa ce ta gaske. Sai dai dalili ce ta ƙara tsantseni, ba ta sakin jiki ba.

Saura masu cewa ai aikin gama ya gama, an riga an kwashe komai, rufe ƙofa bayan ɓarawo ya fita wahala ce. Ba haka ba ne. Wanda ya sayi lambar NIN ɗinka har yanzu yana buƙatar sauran guntayen kafin ya yi ɓarna: lambar sirrin katinka, lambobin da banki ke turowa ta saƙo na amfani sau ɗaya, da layinka kansa. Shi ya sa yake kiranka da muryar ma'aikacin banki, yana karanto maka sunanka da ranar haihuwarka don ka saki jiki ka cike masa gurbin. Babu bankin da ke kira ya nemi waɗannan lambobi. Mai POS ba ya buƙatar ka faɗa masa lambar sirri da baki, miƙo maka na'urar zai yi ka danna da kanka. Layin da ka daina amfani da shi, ka cire shi daga asusunka kafin kamfani ya sayar wa wani. Saƙonnin talla da suka dame ka kana iya tsayar da su ta tura STOP zuwa 2442. Kuma wannan nauyi ya fi hawa kan 'ya'ya da ƙanne masu karatu, domin su ne ake miƙa wa waya a ce "duba mini", su ne ke cike wa iyaye fom, su ne kuma suka fi saurin tura wa dangi mahaɗin tallafin bogi a rukunin WhatsApp na gida ba tare da sun duba daga ina ya fito ba.

Makarantar da ke neman NIN na uba kafin ta ɗauki yaro, da asibitin da ke ajiye katunan marasa lafiya a kan benci, da kwamitin unguwa da ke tattara sunayen mabuƙata, duk dokar 2023 ta hau kansu gwargwadon abin da suke riƙe da shi. Idan aka miƙo maka takarda aka ce rubuta lambarka, kana da damar tambayar me za a yi da ita, wa zai ajiye ta, kuma sai yaushe. Wanda ya zo da aikin gaskiya zai amsa, ko ya kai ka wurin wanda zai amsa. Idan aka yi amfani da bayananka ta hanyar da ba ka yarda ba, ka fara rubuta wa wurin ƙorafi ka riƙe kwafi, in ba su saurare ka ba ka kai wa NDPC, kuma dokar ta bar maka ƙofar kotu a buɗe don neman diyya.